Hodar Gyaɗa a Shimfiɗar Ɗan Farina

Edita, ina gaishe ka da aiki. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina cewa a raina ni ma akwai nawa, amma nauyin baki ya hana. Yanzu da furfura ta gama cinye mini kai, na ga babu sauran abin ɓoyo. A shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ni yarinya ce 'yar wajen sha takwas, haifaffiyar Gazawa, matar malamin lakol, wato makarantar boko, ga ɗan fari a baya da bai fi wata biyar ba. In faɗi gaskiya, a lokacin kaina ya yi mini girma. Mijina na ɗaukar albashi, ya koya mini rubutun boko, kuma a cikin kayan aurena akwai gadon ƙarfe da babana ya sa aka tsallako da shi daga Katsina, da katifar rimi da innata ta ɗura da hannunta. Ina ganin duk macen da ke kwana kan gadon kara ba sa'ata ba ce.

Da aka mai da mijina Agiye, babu gidan malamai, sai muka kama haya a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Mijinta ɗan kasuwa ne, ya rasu da daɗewa, ya bar mata babban gida na ƙasa. Aka ba mu wani tsohon soro da a da nan baƙinsa fatake ke sauka. Yana da sanyi da faɗi, amma bangonsa duk tsaga, azarar rufin ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Akwai waɗansu mata uku a gidan, matan dangin marigayin. Suka tarbe ni da fara'a, suka kawo mini fura da tuwo kwana uku, ni kuwa na shiga jera kwanukana ina satar kallonsu in ga ko sun lura da gadon.

Ba mu yi sati uku ba bazara ta kankama, sai ga kuɗin cizo, wanda a wajenmu muke ce wa gazunzumi. Na fara ganin ɗigon jini a zanen gado, sannan baƙaƙen ɗigo a ɗinkin katifa, sannan wannan warin nasu da duk wanda ya sani ba ya mantawa. Wata rana na ɗaga gefen katifar na gan su jere. Cizon bai dame ni kamar abin da za a ce ba, don na taso ina jin ana cewa ɗakin ƙazama suke kamawa, an kuwa sha yi da wata amarya a unguwarmu a kan haka har ta daina zuwa biki. Na shiga yaƙi da su a ɓoye. In rufe ƙofa in yi ta murtsuke su da yatsa, in tsoma gashin kaza a kananzir in bi tsagogin bango, kashegari su dawo kamar gayyato su na yi. Yaron ne ya fi shan wuya. Hannuwansa da cinyoyinsa duk suka yi rudu-rudu, ni kuwa sai in lulluɓe shi da zane cikin wannan zafin don kada a gani.

Wata safiya na fito na tarar matan gidan sun firfito da tabarmi da gadaje da tsummokara sun baje a rana, an ɗora manyan tukwane a wuta. Iya ta leƙo ta ce mini haka suke yi kowace bazara, a kwara wa gadaje tafasasshen ruwa a shanya shimfiɗu, in fito da nawa a haɗa hannu a gama lokaci guda. Allah ya kawo mini mafita har bakin ƙofa, amma sai na yatsina fuska na ce mata ɗakina babu komai, gadon ƙarfe ba ya ajiye ƙwaro. Ta dube ni, ta dubi yaron da ke bayana, ta ce to madalla, ta juya. Mijina ya ji abin da ya faru, ya ce in bari ya gaya wa Iya gaskiya, ai uwa ce. Na sa masa kuka, na rantse in ya buɗe baki sai dai ya same ni a Gazawa. Mutum ne mai sanyin hali, ya ƙyale ni. Bayan 'yan kwanaki aka kira shi Maradi aikin jarrabawar 'yan lakol, zai yi mako guda.

Lokacin ana dab da shuka, gyaɗa kuwa ita ce maganar kowa a ƙasarmu. An shigo da wata hoda a 'yan ƙananan takardu wadda manoma ke cuɗa irin gyaɗa da ita kafin su shuka, don kada ƙwari da ɓeraye su cinye shi a rami. Na ji maza na yabonta a zaure, wai ko tururuwa ta taɓa ta ba ta ƙara taku. Ran kasuwa na yafa mayafi na je na sami mai sayarwa, na karɓi takarda uku. Bawan Allahn nan bai cuce ni ba. Ya ja mini kunne cewa ta iri ce kawai, a wanke hannu bayan an taɓa, kada a kai ta kusa da abinci ko yara. Na ce masa babana ne ya aiko ni daga ƙauye. Ƙaryar ta fito mini sumul, ko ƙifta ido ban yi ba.

Kashegari da hantsi na shiga ɗaki na saki asabari, na toshe 'yar tagar da tsumma don kada warin ya fita a tambaye ni. Na barbaɗa hodar a tsagogin bango, na bi ɗinkin katifa, na zuba ƙarƙashin zanen gado. Da na zo kan 'yar shimfiɗar yaron sai na ƙara hannu, don a ganina shi suka fi cizo, shi ya fi bukata. Na kakkaɓe hannuna a zanena, na ba shi nono, na kwantar da shi a kai, na ja ƙofa na fito tsakar gida na hau daka da farin cikina, ina jin yau na gama da su ba wanda ya sani.

Bayan azahar na lura shirun ya yi yawa. Da na shiga, na tarar da shi ya yi amai, miyau na dalala, jikinsa ya jiƙe da gumi, hannuwansa na 'yar fizga. Na ɗauke shi na sa masa nono, bai kama ba, kansa ya langaɓe. Edita, ko yau in na tuna abin da na yi bayan nan sai na ji haushin kaina. Ban yi ihu ba. Ɗan fari ne, an hore ni kada a taɓa ganin ina rawar jiki a kansa, ko sunansa ba na faɗa. Sai na mai da shi na kwantar, na fito ina tafiya kamar ba komai, na je inda Iya ke zaune a inuwa tana kaɗi, na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce wai wancan na ɗaki ya ƙi nono. Ta ɗago ta dubi fuskata sau ɗaya, ta yar da mazarin, ta miƙe. Ban taɓa sanin tsohuwar nan na iya sauri haka ba.

Tana ɗaga asabarin warin ya buge ta. Ta suri yaron ta fito da shi fili, ta tuɓe shi tsirara, ta ƙwala wa matan gidan kira su kawo ruwa da sabulun salo. Ta wanke shi tas, ta zubar, ta sake, har sau uku. Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika gidan. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi masa turare, tsohon soron nan dama ba a rasa shi da mazauna. Har an tafi ɗebo wuta. Iya ta daka musu tsawa ta ce wannan ba warin iska ba ne, ta juyo kaina ta tambaye ni a gaban kowa me na zuba a ɗakin. Na sunkuyar da kai. Ta ce in buɗe baki yanzun nan, don ran yaron yana kan harshena, in na tsaya kunya to in shirya likkafani. Nan abin da na yi wata biyu ina ɓoyo ya fito gaba ɗaya, da gazunzumin, da hodar, da ƙaryar da na yi a kasuwa, ina faɗa ina kuka majina na zuba. Na jira in ji dariya ko salati, ba wadda ta yi. Iya ta sa aka kawo takardun hodar ta ƙulle a bakin zanenta, ta sa mata biyu suka ja ni bayan ɗaki suka wanke mini hannuwa da ƙirji, suka ba ni wani zane na ɗaura.

Ita ta goya shi, ba ni ba. Muka fita bakin babbar hanya, ta tsaya a tsakiyar turba ta ɗaga hannu har wata babbar motar kaya mai zuwa gabas ta tsaya. Direban ya fara faɗa, da ya ga yaron sai ya sauke mutum biyu daga gaba ya sa mu. Duk tsawon hanyar Tasawa, inda likita yake, hannunta na kan ƙirjinsa tana addu'a, ni kuwa ban iya ko duban inda yake ba. A gidan likita ta kwance takardar ta miƙa. Likitan ya karanta, ya dube ni wani irin kallo da har yau ina ganinsa, ya shiga yi wa yaron allura. Daga baya ya ce da ba a wanke shi da wuri ba, kuma da ba a zo da takardar ya san abin da yake magani ba, da sai dai haƙuri. Kwana uku muka yi. A rana ta biyu da safe yaron ya buɗe ido ya lalubi nono ya kama. Na rungume shi a gaban mutane ina kuka, kunyar ɗan fari ta tafi inda ta tafi, Iya kuwa ta kau da kai kamar ba ta gani ba.

Da muka dawo Agiye ban gane ɗakina ba. Matan nan da nake yi wa kallon raini sun fitar da komai. Sun wanke kwanukana ɗaya bayan ɗaya, sun kwara wa gadon ƙarfen tafasasshen ruwa, suka ce abin da ya fito daga mahaɗansa ya isa a cika ludayi. Katifar innata sun kai bayan gari sun ƙone, don ta sha guba. Maza sun kankare bangon sun yi sabon yaɓe sun toshe kowace tsaga, matan unguwa kuma sun taru sun yi mini sabon daɓe, suka shafe shi da makuba yana ta ƙyalli. A ɗakin Iya na kwana har ya bushe. A nan ta gaya mini ƙwarin nan sun girme ni a soron, tun zamanin fatake suke, duk wanda ya zauna sai ya yi fama da su. Ta ce tun farkon bazarar ta ga tabo a hannun yaron, ta yi shiru don kada ta kunyata ni, kuma wannan shirun laifinta ne, in yafe mata. Tsohuwar da ta ceci ɗana ita ke neman gafarata. Na rasa inda zan sa kaina. Mijina da ya dawo ya ji labari, sai ya je ƙofar ɗakin Iya ya cire takalmi ya durƙusa ya daɗe bai tashi ba.

Abin da na koya shi ne, ƙwaro ba ya tambayar ko ke 'yar waye ko a kan wane irin gado kike kwana, kuma tsohon ɗaki da abinsa ake samunsa. Ciwon da ya kusa kashe mini yaro girman kai ne da tsoron bakin mutane, mutanen da a ƙarshe su suka zubar da guminsu a kaina. Ina kira ga mata, musamman amare da masu shiga gidan haya, in kin ga abin da ya fi ƙarfinki ki faɗa wa na kusa da ke tun da wuri. Maganin gona na gona ne, kada ya shiga ɗakin kwana. Har yanzu ina ganin ana sayen maganin ƙwari irin su fiya-fiya a kwalabe a kasuwa, a yayyafa a rufe ƙofa a kwantar da yara, gabana sai ya faɗi. In kuma yaro ya canza miki, ki ɗaga murya ki kira mutane, ko na fari ne ko na goma.

Shekara huɗu muka yi a gidan kafin a mai da mu Gidan Rumji, kuma a can labarin rasuwar Iya ya same mu, an riga an yi sadakar bakwai. Iya ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta bar ɗa ko jika da zai tuna da ita ba. Da ɗan nawa ya girma ya yi aure aka haifa masa mace, bai shawarci kowa ba ya sa mata sunan tsohuwar. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa don Allah ya sa tsohuwar nan a addu'arsa. Allah ya kai haske kabarinta.