Angon da Aka Ajiye wa Lanti

Rubuta yadda na faɗa, Rabi, kada ki gyara mini magana. In kin ga hawaye ki ci gaba da rubutunki. Tun da kakanku ya rasu idanun nan ba sa neman izinina.

Garinmu ɗan ƙauye ne arewa da Filinge, gidaje kaɗan, duk jini guda. Zamanin Anasara ne, kumandan na zaune a Filinge. Da an yi girbi an cika rumbu sai maza su kama hanyar Kurmi, can kudu, cin rani, a bar mata da yara da tsofaffi. Cikin ɗari, in an gama cin tuwo, Kaka Dije, uwar innata, takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta. Mu yara mu kewaye ta, mata su zauna bayanmu da mazari suna kaɗi, wai su ba saurare suke ba. Takan binne mana gujiya cikin toka, wanda ya yi gyangyaɗi a cinye rabonsa. In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan ta taho, ƙafarta da raɓa." Mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi." Ban san wuri mai daɗi a duniya kamar bakin wutar nan ba, har shekarar da innata ta rasu.

Ta haifi namiji, kwana uku jini ya tafi da ita. Babana yana Kurmi, ba mai kai masa labari sai damina. Aka raɗa wa jaririn suna Hamidu. Kaka ta ɗauke shi, tana kiransa "angona", yadda kakanni ke yi.

Mata biyu ne ke shayarwa a garin. Ɗaya, uwar Sanda, tana da ƙaramin ciki, mutanenmu kuwa sun ɗauka nonon mai ciki guba ne. Ɗayar ita ce Zali, matar Baffa, wan babana, wanda ya daina zuwa cin rani. Tana goyon ɗiyarta Lanti, 'yar wata biyu, nononta har jiƙa mata zane yake. Ɗaki da ɗaki muke, danga ce kawai tsakani.

Baffa ya hana. Ki ji dalilinsa, Rabi, ki rubuta shi da kyau. A gidanmu ɗan ƙane ke auren ɗiyar wa, don kada gonar gida ta fita hannun gida. Shi da babana sun yi magana tun kafin tafiya, in namiji ne na Lanti ne. Yaron da ya sha nonon mace kuwa, ko sau guda, ya zama ɗan'uwan ɗiyanta, aure ya haramta. Kaka ta je wurin liman. Liman ya ce shayar da maraya lada ne babba, auren kaɗai zai faɗi. Baffa ya ce sai ƙanensa ya dawo, ba zai warware alkawari bayan idon mutum ba. Damina kenan. Jariri ɗan kwana goma aka ce ya jira damina.

Kaka ba ta zauna ba. Ta sha kunun kanwa, ta sha sassaƙe, ta riƙa sa shi a busasshen ƙirjinta ko Allah zai kawo ruwa. Yana ja, yana ja, ya saki ya tsala kuka. Wata Bafillata, Fendo, da rugarsu ke bakin rijiya, ta riƙa kawo madarar saniya kowace safiya ba ta karɓar komai. Ita da ba ta haɗa jini da mu ba. Amma cikinsa bai karɓa ba, zawo ya kama shi. Kaka ta aika wani ɗan kasuwa ya tambayi likitan Filinge ranar Lahadi, ya dawo ya ce likita ya ce babu maganin da ya kai nonon mace, a nemo mai goyo. Mai goyon tana bayan danga.

Ran nan da yamma Kaka ta hura wutarta, karo na farko tun rasuwar. Yara suka taru da murna, mata suka zo da mazarinsu, har da Zali, Lanti na bayanta. Hamidu na kan cinyar Kaka, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Babu gujiya a toka.

Ta ce an yi wani gari mai rumbuna cike. Wata mata ta mutu ta bar jariri a gindin gawo. Gawo ya tausaya masa, ya koya masa tafiya da waƙa, ya ce ya shiga gari ya nemi abin sha. Jariri ya bi gida gida. Sai Kaka ta sirantar da murya ta rera:

"Na tahi gidan uwar Sanda,
ta ce nonon da ciki ne.
Na tahi gidan uwar Lanti,
ta ce nonon na Lanti ne.
Wa za shi ba ni in sha?"

Yara suka fashe da dariya don sun ji sunan ƙannensu a tatsuniya. Bayanmu kuwa mazari ya tsaya. Ban waiwaya ba, amma na ji ya tsaya.

Jariri ya koma gindin gawo ya kwanta. Can sai ga kura, nononta na ɗiga, ta bar ɗiyanta a rami. Ta sunsune shi, ta ce, "Gawo, ɗan wane ne wanga?" Gawo ya ce, "Ɗan mutane ne." Kura ta ce, "Allah sarki, annoba ta ƙare su?" Gawo ya ce, "Suna nan lahiya lau, ga hayaƙin tuwonsu can."

Nan Kaka ta tsayar da tatsuniyar. Muka jira. Wani ya ce, "Kaka, kurar ta cinye shi?"

Ta ce, "Ku tambayi uwayenku, su ka da sauran labarin."

Sai muryar Baffa ta fito daga bayan danga. "Tsohuwa, wagga tatsuniya ce ko zagi?"

Kaka ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "In tatsuniya ce, Malam, mi ya taso ka daga tabarma?"

Ya kira Zali da ƙarfi, ta tashi ta bar mazarinta a ƙasa. Sauran matan suka janye ɗiyansu ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta ce uffan. Wannan shirun nasu har yau yana ci mini rai fiye da maganar Baffa. Shi mutum guda ne da gonarsa a ka. Su fa? Dukansu sun haihu, sun san yadda kukan yunwa yake. Da sun taru su biyar sun tsaya a ƙofarsa, da kunya ta kayar da shi. Kowace ta ce ba ɗanta ba ne, ba gidanta ba ne.

Kwana biyu bayan haka, da sassafe Baffa ya tafi masallaci, sai ga Zali ta kutso ta ƙarƙashin danga, ƙaya ta yage mata hannu. Ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Inna, ba ni shi, ko da sakina za a yi." Kaka ta miƙa mata. Ta sa masa a baki, ta matsa, nono ya zubo masa bisa leɓe ya gangara wuya. Bai kama ba. Ba shi da ƙarfin ja. Zali tana kuka tana cewa, "Sha mana, ɗana, sha." Kaka ta ce, "Ɗiyata, shekaranjiya da ya sha." Kafin rana ta yi tsaka ya cika.

Sun ajiye wa Lanti ango, sun kai shi kushewa cikin tsumman da bai kai kamu biyu ba. Lanti ta girma ta auri wani mutumin Bonkuku da ta gani ta so. Gonar kuwa rairayi ya cinye rabinta tun Baffa na da rai. Kaka ba ta sake hura wutar nan ba.

Da na yi aure na fara goyo, wata maƙwabciyarmu ta rasu ta bar jaririya. Aka fara irin waccan maganar, wane zai auri wance. Na dubi kakanku ina jin tsoron abin da zai ce. Ya ce, "Ɗauko ta. Mata da maza ba su ƙarewa duniya, rai guda ne." Don wannan maganar kaɗai, Rabi, ko bai yi mini komai ba, ya isa in yi ta kukansa har in bi shi. Yara uku na shayar waɗanda ban haifa ba. Aure biyu ya lalace a dangi saboda ni, an yi mini gori a bakin rijiya, ban taɓa nadama ba.

Yanzu ga gidan likita na yara, ga madara, ga 'yan matan nan da ke bi gida gida suna auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi. Allah ya saka musu. Da Hamidu ya zo a wannan zamani da watakila yau shi ke ja mini sanda. Amma jiya da idona na ga an ɓoye ramammen yaro a ɗaki da suka zo awo, wai kada a ce gidan ba a ci. Maƙwabta sun sani, suka yi shiru, wai ba ruwansu, aikin likita ne. Likita zai leƙa ƙarƙashin gado? Na dogara sandata na je na faɗa musu ɗakin. Uwar yaron ba ta gaishe ni yau ba. Ta daɗe ba ta gaishe ni ba, in dai yaron zai rayu ya gaishe ta gobe.

Kaka ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, ni ce na ƙarasa wa uwarki da ke, kuma haka za ki faɗa wa naki. Kura ba ta cinye shi ba. Ta kwanta a gindin gawo ta ba shi ya sha ya ƙoshi, ba ta tambayi wa zai aura ba. Rubuta haka, ki rufe takardar, ki je ki dubo mini ko an kai yaron gidan likita.