Takardar Baba a Cikin Leda

Ni na yi wa takardar hannun jarin Baba laminetin, kuma ba wanda ya aike ni. Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, ina ganin duk Kakuri ba wanda ya kai ni wayewa. Rufin ɗakinsa ya yi yoyo da damina, sai na ɗauki takardar na kai Sabon Tasha, wurin wata mata 'yar Ibo mai injin manne takarda cikin leda. Ta fito tana sheƙi kamar sabon faranti.

Baba ya sayi hannun jarin ne tun yana aikin masaƙa. Masaƙar ta rufe, takardar nan kaɗai ta rage masa. Daɗi ya sa ya kai ta taron zumuntar maza a coci yana nunawa, yana cewa 'yarsa ce ta yi dabarar. Tsoffin abokan aikinsa su shida suka kai nasu aka yi musu.

Bayan wasu shekaru na samu aiki a ofishin wani dillalin hannun jari a Barnawa. Ba ma saye, ba ma sayarwa a sashenmu. Sai an gama ciniki namu aikin yake farawa: mu duba sa hannu, mu tura takardu ga masu rajista, wato kamfanonin da ke riƙe da sunayen masu hannun jari, a shigar da su kwamfuta. A satina na farko shugabar sashenmu, wata Hajiya mai tabarau a bakin hanci, ta ɗaga wata takarda mai leda ta ce, "Wace mara hankali ce ta yi wannan? Ta yaya za a shafa hatimi a ji na gaske ne? A ina za a buga tambari?" Na duƙar da kai ina gyara biro.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Wato kin kashe ta ke nan?" Can ya ƙara, "Tawa da sauƙi. Mutum shida fa, ni na tura su!" Daga ranar ya daina zuwa zumunta, wai gwiwa. Mutumin da ke taka ƙafa har unguwar Nasarawa sayen taba gari! Kunya ce kawai, kuma ni na jawo masa.

Abin haushin, kowane mai rajista da tasa dokar. Wannan ya ce a kawo rantsuwar kotu, wancan ya ce ba ya karɓa sam, wani ya ce tsoho ya zo Legas da kansa. Na yi faɗa a waya har wata rana na tambayi wani ko shi ba shi da uba. Ni dai bakina ba ya da birki.

Masu irin aikinmu suna da ƙungiya ta ƙasa, dillalai da masu rajista duka a ciki. Ni a wurina taron shan shayi ne da ɗaukar hoto. Ashe Hajiya ta daɗe tana damun su da maganar takardun da suka lalace, ita da wasu irinta. Ƙarshe suka amince da fom guda: hoto, sa hannu, shaidar banki, kuma ko wane mai rajista aka kai wa zai karɓa. Ranar da fom ɗin ya iso, ta ajiye shi a teburina ta ce, "Ki kai wa mara hankalin nan, na san kin san gidansu." Kai, Hajiya! Ashe tun farko ta gano ni.

Na Baba muka fara gwadawa. Ya wuce lafiya, sunansa ya shiga kwamfuta, saƙo ya shigo wayarsa. Gwiwa ta warke a take, ya koma zumunta ya kai wa abokansa labari.

Ranar Asabar na fito tsakar gida na tarar da tsofaffi biyar a kan benci, kowa da ledarsa a cinya, suna gardamar wanda ya fi tsufa a hoto. Ta shidan mace ce, matar abokinsu da ya rasu bara. Ta ce mijinta ya bar mata takardar, ya ce ta jefar, ba ta da amfani, ita kuwa ta kasa. Na ce nata sai an haɗa da takardar gado, amma zai yiwu.

Baba ya tashi ya karɓi fom daga hannuna, ya durƙusa a gabanta, tsoho da shi, ya ce, "Ni na sa shi. Bari in cika miki da kaina."