Saƙon Iya a Istanbul

Ban taɓa shan wahala irin ta yawon Istanbul ba. Na yi noma, na yi lodin shanu a kasuwar Potiskum har bayana ya lalace, amma ba wanda ya gajiyar da ni kamar wannan garin. Ko'ina hawa ne da gangara, ga gwiwata ba lafiya, ga sanyi, ga abokina a gaba yana ta cewa in ɗaga ƙafa.

Bari in gaya muku yadda muke da shi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Uwata ta rasu ina ƙarami, mahaifiyarsa ce ta riƙe ni, Iya nake ce mata kamar yadda yake ce mata. Da damina ita ke kai mana fura gona a hanyar Mamudo, ta zauna gindin tsamiya tana ciro mana ƙaya daga ƙafa. Shi ya yi boko, ni ban yi ba. Ya tafi Turkiyya da daɗewa, yana aikin tura wa 'yan kasuwa kaya. Da harkar takalma ta ɗan buɗe min, sai ya ce in zo in yi sari in kuma ga gari.

Kafin in taso na je sallama. Iya ta makance, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ta lalubo hannuna ta ce, “Ka gaya masa ba kuɗinsa nake so ba. Ya zo in taɓa shi. Ba na jin zan ga wata damina.”

To a gidanmu ba a isar da saƙon babba a tsaye. Na tashi na ga yadda ake yi. Mutum zai taso daga Nangere a kan keke, ko da labarin mutuwa ne a bakinsa, sai an shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya sha ruwa, an tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan Baba ya ce, “To, lafiya?” Kafin nan ba ya buɗe baki. Haka na saba, haka kuma na yi niyyar yi. Jira nake mu zauna abokina ya tambaye ni gida.

Mutumin nan bai zauna ba. Muna idar da sallar asuba zai ce in sa takalmi. Ya kai ni wani masallaci da rufinsa ya yi nisan da sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensa. Na ce alhamdulillahi, a nan za mu zauna. Muna sallamewa ya miƙe, wai akwai layi a fadar sarakunansu na da. Muka je muka tsaya cikin Turawa muna kallon tukwane da takubba a bayan gilashi. Ya kai ni kasuwa mai rufi wadda lungunanta suka fi na unguwarmu yawa. Ya saya min kifi a cikin burodi, muka ci a tsaye kamar ɓarayi. Shayinsu ma a ɗan kofi ne da ba ya kai maƙogwaro. Ko'ina kyanwoyi a kwance sun samu wurin hutawa, ni ban samu ba.

“Tsaya nan in ɗauke ka hoto,” in ji shi. “Ka ɗan yi murmushi mana, kai kullum kamar an ci ka tara.”

In mun dawo ɗaki zai ce ya gaji, ya juya fuska bango. Ya tambaye ni farashin buhun gero. Ya tambaye ni ko an gyara titi. Bai ce ya Iya ba. Raina ya yi ta ɓaci, na rasa wanda zan fi jin haushi, shi ko ni da na kasa karya abin da aka koya min.

Ana jibi zan koma ya saka ni a jirgin ruwa, wai in ga inda gari ɗaya ya rabu gida biyu. Kujeru sun cika, muka tsaya riƙe da ƙarfe, iska na dukanmu, tsuntsaye na bin jirgin ana jefa musu burodi. Yana nuna min wata gada. A nan haƙurina ya ƙare.

Na ce, “Kai, rufe min baki da gadar nan. Uwarka ta makance. Ta ce ka zo ta taɓa ka kafin ta mutu.”

A tsaye na faɗa, cikin mutane, da ƙarfi, har wata tsohuwa ta juyo. Bai dube ni ba. Can ya ce, “Na sani. Ƙanwata ta gaya min. Me kake tsammani ya sa nake ta yawo da kai?”

Na ce ban gane ba.

Ya ce, “Takarduna na zama a ƙasar nan sun mutu tuntuni. In na fita ba za su bar ni in dawo ba. Wa zai riƙe gidan? Maganinta, makarantar yara, kai ma ka sani. In na zauna ka faɗa min, dole in ba ka amsa. Ba ni da ita.”

Na ce, “Shi ne ka mai da ni jaki, kana jana kan duwatsu?”

Ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗan'uwa.”

Ban haƙura ba, har yau ma ban gama ba. Na san gaskiya ya faɗa. Unguwarmu yanzu cike take da tsofaffi da ake turo musu kuɗi ta waya, 'ya'yan suna can inda ba sa iya dawowa. Amma ni ne zan shiga ɗakin Iya in durƙusa gabanta, ba shi ba.

Washegari da safe ya ce saura wata hasumiya da ban gani ba. Na ce ba inda za ni. Yana shiga wanka na ɗauki rigar da ya wuni da ita jiya, da zufarta da komai, na naɗe na cusa a jakata. Ya fito ya gan ni, ya ce bari ya ba ni sabuwa, wannan ba a wanke ba.

Na ce, “Ba ni zan sa ba. Iya zan kai wa.”