Farin Dutsen da Ke Gonar Dattijo a Rogo Ruma

Mun tashi da asuba daga Zariya ranar Litinin, mu uku a tsohuwar Landirobar sashenmu: ni, da direba, da mutumin da ke niƙa mana duwatsu a ɗakin gwaji. Ni malamin ilimin duwatsu ne a jami'a, kuma shekara huɗu ke nan ina fama da kundin babban digirina a kan yadda ƙasa ke tsagewa, da yadda ma'adinai ke bin tsagin su kwanta. A hotunan da aka ɗauko daga jirgin sama na ga wani layi ya taso daga wajen Karaye ya nufi Rogo. In layin gaskiya ne, dole a sami jijiyar farin dutse a kansa, irin wanda akan dace da zinariya a ciki. In ban same ta ba, shekarun nan sun tafi a banza, don shugaban sashe ya ce ba zai sake ba ni mota ba.

Kwalta ta ƙare mana a Kwanar Dangora. Daga nan sai burji mai gargada, ga zafin bazara, kujera kamar tanda. Sau biyu taya na fashewa kafin mu shiga Karaye da azahar. A bakin kasuwa muka sha fura, mai furar ta ce ita har yau sule ta sani, wannan naira da aka kawo sai dai mu 'yan boko. Hatsi ya yi tsada, kowa ka taɓa sai ya yi maka zancen farin bara.

A Yola, wato Yolar Karaye, wani malami ya sauke mu a soronsa. Kwana biyu muna bin kwazazzabai da guduma da kamfas, ba mu ga komai ba sai baƙin dutse mai ɓarewa kamar albasa. Mu a sana'armu mukan lashi dutse don launinsa ya fito. Matan da ke jan ruwa a rijiya suka gan ni ina yi, kafin magariba labari ya kai wa mai masaukinmu cewa baƙonsa na cin dutse. Ranar sai da ya sa aka ƙara mini malmalar tuwo.

Ranar Alhamis muka wuce Rogo Ruma. Bayan doguwar gaisuwa, mai unguwa ya haɗa mu da wani dattijo manomi, ya ce ba dutsen da bai sani ba a ƙasar. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ya fi mu sauri duk da shekarunsa. Taswirata na cewa yamma, shi yana cewa gabas. In na matsa, sai ya ce can sarƙaƙiya ce, ko macizai sun yi yawa. Kwana biyu cur muna bin sa. Ƙafafuna suka yi bororo, wuyana ya saɓule, littafina kuwa ba abin da ya ƙaru a ciki sai gumi.

Ranar Asabar da hantsi na zube a gindin wata ɗorawa, na ce ni kam na haƙura. Ina zaune sai na ga dattijon ya ɗauki wani gutsuren dutsen da na fasa, ya tofa masa yawu, ya goge da babban yatsa, ya karkata shi wajen rana. Ba wanda ke duba dutse haka sai wanda ya yi aikin ma'adinai.

Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?"

Sai ya ce lokacin yaƙin duniya an kwashe su diban gwamna, wato aikin tilas, zuwa Jos haƙar kuza. Ya ce da idonsa ya ga gonakin mutane sun koma ramuka cike da koren ruwa, saniya in ta faɗa ba ta fitowa, masu gonakin kuma sun koma lebura a kan ƙasar iyayensu.

Ya ce, "Malam, dutsen da kake nema a gonata yake. In ka rubuta a takarda, wa zai karanta?"

Na ce, "Wallahi Baba, bai fi mutum biyar ba, su ma da ƙyar."

Ya ce, "A Jos ma an ce mutum ɗaya ne ya fara zuwa da guduma."

Na yi zaton maganar ta ƙare ke nan, har na fara ɗaure takalmi don mu koma mota. Sai ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce kwana biyu yana yi wa baƙi ƙarya, da furfurarsa, ya gaji. Ya ce mu biyo shi.

Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. A wani ɗan kwazazzabo a gefen gonar ya janye tarin ƙaya da karan dawa da ya rufe wurin da su tun ranar da ya ji zuwanmu. Ga jijiyar nan, fara sol, faɗinta kamu guda, ta miƙe daidai inda na ja layi. Na durƙusa na auna inda ta fuskanta da yadda ta karkata, na fasa guda uku na sa a jaka. Shekara huɗu ina mafarkin wannan lokaci, amma ko murmushi na kasa yi, don yana tsaye a kaina yana kallon hannuna. Ya nemi in yi masa alkawarin ba mai taɓa gonarsa. Na gaya masa jijiyar siririya ce, da wuya wani ya kashe kuɗi a kanta, amma alkawari ba a hannuna yake ba. Ya ce ya sani. Duk da haka sai da ya cika mana ƙwarya da gyaɗa.

Muka biyo ta Rogo Sabon Gari, direba ya sayi rake da mazarƙwaila tsarabar iyali, sifirin mota ya karye, muka ɓata rabin yini wajen maƙeri. Ranar Lahadi da la'asar na shiga gida, na yi wanka da ruwan zafi, na kwanta ko abinci ban iya ci ba.

A aji nakan koya wa ɗalibai cewa tsagin ƙasa layi ne a takarda. Tafiyar nan ta nuna mini cewa duk inda na ja fensir, akwai wanda ke noma a wurin. Na sa gonar a taswira, don ba zan yi ƙarya a aikina ba. Amma duwatsun ukun suna nan a kan teburina, mako biyu ke nan na kasa miƙa su a niƙa. Tun da na fara wannan sana'a ban taɓa roƙon Allah Ya sa dutse ya zama ba komai a cikinsa ba sai yanzu.