Zangarniyoyin Saman Murhun Inna

A ɗakin kakata Inna Tabawa, can a Kara, akwai zangarniyoyin dawa rataye daidai saman murhu, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin don kada ƙwari su ci. Irin wata gajeriyar jar dawa ne mai jure fari, ta gada wajen uwarta. Ka kuskura ka kai hannu, muciya ce za ta gaishe ka.

Da an ci tuwon magariba sai mu jikoki mu kewaye wutar. Ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya yi asara." Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata bazawara a shekarar yunwa. Gari duk ya daka irinsa ya sha kunu, ita kuwa tana dafa wa 'ya'yanta tafasa, suna kuka suna kallon dawa a rataye. Aka sa mata suna Marowaciya. Da ruwa ya sauka, kowa ga fartanya, babu abin shukawa. Sai ga su a ƙofarta da ƙoƙo. Inna takan nuna sama da muciyar ta ce, "Wancan ba abinci ba ne, baɗi ce."

Na girma na tafi Kano na karanta ilimin tattalin arziki. Malaminmu ya ce sunansa na Turanci daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa iya riƙon gida. Na haddace, na ci jarrabawa, ko tuna Inna ban yi ba.

Na dawo da kaina a kumbure, na matsa wa Baba muka koma irin zamani na kasuwar Gwarzo. Ranar da za a sa wa ɗakin Inna kwano, ni da hannuna na sauke zangarniyoyin na watsa wa kaji. Ta ce, "Angona, in ruwa ya ɗauke, takardar taka za mu shuka?" Dariya na yi mata.

Bayan rasuwarta ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gonarmu ta ƙone tas. Na bi ƙauyuka har Kabo ina cigiyar jar dawar nan. A Durun wani dattijo ya tambaye ni ɗan wane ne. Da na faɗa, sai ya ce:

"Malam, ai a gidanku muke karɓa."

Yanzu ina koyar da ilimin tattalin arziki a makarantar sakandare. Duk ranar da na rubuta asalin kalmar a allo, sai na tuna Inna. Wadda ta iya shi ba ta taɓa riƙe alli ba, ni da na karanta kuma kaji na ba wa irinta.