An Karkata wa Kawu Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa shiga falon Kawu Isufu a unguwar La Guillotière da ke birnin Lyon ya ga kwalin nan da ya ninke ya cusa a ƙarƙashin gefe ɗaya na talabijin. Baƙi kan ɗauka teburin ne ya gurgunce. Tebur lafiyarsa lau. Ƙanƙara Kawu yake daidaitawa.

Mutumin Damagaram ne, injiniya, bai taɓa taka filin ƙanƙara ba. Amma tun da ya yi ritaya ya kamu da wasan hoki na intanet, wanda ake kora ɗan faifan roba da sanda. Ya yi imani cewa da zarar ka shiga gaba, waɗanda suka ƙera wasan sai su karkata filin zuwa ragarka don a rama.

"An karkata ta!" in ji shi. "Wallahi an karkata ta!"

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai bayan kowane zango sauya gefe ake yi."

Ya harare ni. "To, an ce maka kwalin ba ya tashi ne?" Ya miƙe ya mayar da shi ɗaya gefen.

Ni ina Bobigny, shi yana Lyon, kowace Asabar bayan la'asar muke karawa. In ya danna manet, na'urar hannu da ake sarrafa wasan da ita, ɗan wasansa ya makara, laifin tiram ne, jirgin ƙasan cikin gari da ya wuce ta ƙarƙashin tagarsa. In babu tiram, to matarsa Tanti Hadiza ce ke kiran bidiyo zuwa Maraɗi tana cinye rezo, wato layin intanet.

"Hadiza, sauka daga rezo! Ana kashe ni a nan!"

"A kashe ka mana, Malam. Ni barkar haihuwa nake yi."

Dariyar ta ragu ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Likita ya ce zuciya ce, a raba shi da duk abin da ke tayar masa da hankali. Tanti ta ɓoye manet a cikin buhun shinkafa, kafin magariba ya tono shi. Sai ta kira ni.

"Mamman Sani, tunda ba zai bari ba, ka riƙa barinsa ya ci."

Na gwada. Na sakar masa raga ya yi ta zubawa. Ana tashi ya bugo, yana haki.

"Yanzu ni aka karkata wa, ko? Har da kai a cikin maƙarƙashiyar? Ɗauke min tausayin nan, ka yi wasa!"

Muna da ƙa'ida, shi ya kafa ta. In rezon ɗayanmu ya tsinke ɗan wasansa ya sandare, ɗayan ba zai ci ba. Zai koma bayan ragarsa da faifan, ya yi ta zagaye har abokin karawa ya dawo. A da ina zagayen ina hamma. Bayan maganar likita kuwa, sai in riƙa yinsa idona a kan mutum ɗaya da ke tsaye a tsakiyar fili, ban sani ba ko rezo ne ko zuciya. Haka nake zuba ido har sai na ga sandarsa ta motsa.

Asabar ta ƙarshe, a zango na uku, yana gaba da ci ɗaya. Ɗan wasansa ya tsaya cak, faifan ya silalo wurina. Na koma bayan raga. Na ce tiram ne. Na zagaya, na ce Tanti ce da mutanen Maraɗi. Sanda ba ta motsa ba. Na kira shi da hannu ɗaya, ba a ɗauka ba. Na kira Tanti, layinta a cike. Ashe motar asibiti take kira. Ina ta zagaye har lokacin wasa ya ƙare.

Washegari na same shi a asibiti, an sa masa robar iska a hanci. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Wa ya ci?"

"Kai, Kawu."

"Da gaske, ko bar min ka yi?"

"Ƙa'idarka na bi."

Ya ce, "To, jiya a daidaice take."

Ranar Litinin ya rasu. Kwalin yana nan inda ya bar shi, Tanti ta hana a taɓa.

Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya yafe masa, ya ba Tanti haƙuri. Ranar da za a ɗora ma'auni, ya Allah, ka karkata masa shi zuwa ga rahamarka. Amin.