An Kulle Mu Sai Alhaji Ya Iso

Wata rana na fita ba da jini kyauta, na dawo gida ko loma ɗaya na kasa haɗiyewa.

Wata ƙungiya ce ta shirya taron a harabar wata makaranta. Sun cika mana kunne a rediyo: ku fito da sassafe, ku ceci rai.

To, muka fito. 'Yan kasuwa, ɗalibai, masu adaidaita sahu, har da wata mata da ta ce wanki ta bari a jiƙe.

Muna gama shiga sai muka ji ƙarau.

An datse ƙofa da kwaɗo.

Dalili? Wai bara mutane sun gaji da jira sun watse, babban baƙo ya zo ya tarar da kujeru. Shi ne bana aka yi dabara. Mu ne dabarar ta faɗa wa.

Ga gadaje a jere. Ga ma'aikatan jinya da safar hannu, sai hamma suke yi. Amma allura ba za ta taɓa kowa ba sai babban baƙon bana, wani Alhaji, ya zo ya buɗe taro an ɗauke shi hoto.

Rana ta take. Rumfa ɗaya ce tak, ta manyan baƙi, ba kowa a cikinta sai kujeru masu farin ƙyalle. Ruwan leda ma wai sai bayan jawabi.

Kun san halina, bakina ba ya ajiya. Na tare sakatarensu na ce, "Malam, jini muka zo bayarwa ko beli muke jira?"

Ya ce, "Haƙuri dai, yana hanya."

Alhajin nan tun hantsi yake hanya. Ko daga Makka ya taso a ƙafa ai ya ci a ce an hango ƙurarsa.

A gefena akwai wani bawan Allah, mai walda ne, hannayensa duk tabon wuta. Shi bai yi hayaniya ba. Hira ce ta kai ya gaya mini jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne, shi ya sa duk inda ya ji za a karɓa yake zuwa.

Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara.

Maƙwabcinsa ne. 'Yar maƙwabcin, Ummita, mai ciwon sikila, tana asibiti. Jininta ya yi ƙasa sosai, babu irin nata a ajiye, kuma na mai waldan ne aka saba ƙara mata.

Ya miƙe da gudu ya nufi ƙofa, na bi shi.

Mai gadi, wani dattijo, ya ɗaga hannu sama. "Ɗana, wallahi makulli ba ya wurina. Shugaban ƙungiya ya sa a aljihu ya tafi taryen Alhaji."

Aka kira shugaba. Ba ya ɗauka.

Mai walda ya koma wajen wata ma'aikaciyar jinya. "Sista, ki ɗebi nawa yanzu a kai mata." Idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Yayana, ko na ɗiba ta ina zai fita?"

Sai ya tsaya gaban sakatare.

"Yallaɓai, a fasa kwaɗon nan. Yarinya ce kwance, jinina take jira."

"Ai jinin ne ya tara mu a nan. Ka bari a buɗe taro."

"In ta mutu fa?"

"In na bar ka ka fita, kowa ma zai ce fita zai yi."

Abin da na gaya wa sakataren nan ba zan rubuta shi a nan ba, akwai yara a shafin nan.

Katangar makarantar doguwa ce, an jera mata fasassun kwalabe. Na tuɓe rigata na ninka, muka wurga a kai, na duƙa ya taka kafaɗata. Na ji dirarsa ta waje. Babur ɗinsa kuwa yana ciki, a kulle tare da mu. Da ƙafa ya tafi neman abin hawa.

Alhaji bai iso ba sai bayan la'asar.

Aka yi jawabi, aka yi kirari, aka yi tafi. Ya naɗe hannun riga, ya kwanta a gado, masu hoto suka yi aikinsu, ya tashi. Allura ko kallonsa ba ta yi ba.

Sannan aka ce mu yi layi. Da yawa jiri ya riga ya kwashe su, aka ce ba za a ɗebi nasu ba. Ni na ba da nawa, a singileti, ina huci. Wanda zai karɓa ba shi ya kulle mu ba.

Dab da magariba mai walda ya dawo ɗaukar babur ɗinsa. Auduga manne a gwiwar hannunsa.

Na yi murna, na ce, "Alhamdu lillahi, an ɗiba ke nan! Ya jikin Ummita?"

Ya daɗe yana laluben makullin babur a aljihu.

Ya ce, "An ɗiba. Ana cikin gwada shi ta cika. Suka tambaye ni ko a ajiye wa wani, na ce a ajiye."

Ya tura babur ɗin ya fita, ko tayar da shi bai yi ba.

Darasi: Rai na Allah ne, ban ce wani ya kashe ta ba. Amma ku masu shirya irin wannan taro, ku sani wanda ya kawo jininsa shi ne babban baƙonku. Ku ba shi inuwa, ku ba shi ruwa, ku ɗiba ya tafi, ƙofa kuma a buɗe. Mu kuma kada haushinsu ya hana mu bayarwa, don marar lafiya bai san da taronsu ba.

Ka tura wa duk wani shugaba ko sakatare da ka sani. In ya ji haushi, to da shi ake.